Tun da Manhajar Ta Koyi Tashi da Kanta

Kun yi ta aiko min da saƙo kuna tambaya ko lafiya na yi shiru. Lafiya ƙalau, ina nan a ɗakin da kuka bar ni, tebur a jikin taga, labule ruwan toka wanda rana ta cinye gefensa, da tsohuwar kwamfutata mai nishi kamar wadda ta hau tudu da kaya. Wata ma ta rubuto ta ce, "Ke dai ki daina ja mana rai, Mai Makulli kike so ko Likitan Ido?" 'Yar uwa, da abin yana da sauƙi haka, da ban zauna ina zazzage wa waɗanda ban taɓa gani ba cikina. Ku dai gyara zama. Wanda yau ya fara shigowa kuma, bari in ɗan riƙo hannunsa.

Aikina rubuta kod ne, wato umarnin da kwamfuta ke bi, a wani ƙaramin kamfani da ke yin manhajar da makarantu suke aika wa iyaye saƙo da ita. Daga gida nake yi, tun da ɓarin jikin Baba ya shanye. Mama malamar firamare ce, da sassafe take fita. Yaya yana gidansa da iyalinsa, ƙanwata kuma miji ya tafi da ita wani gari mai nisa. Don haka daga safe har la'asar, gidan nan daga ni sai Baba a kujerarsa ta falo, sai agogon bango da ke ta ƙas-ƙas kamar shi kaɗai aka bar wa magana.

Kwamfutata ba ta da ƙarfin ɗaukar manhajar. In na gwada kunna ta a kai, sai ta yi zafi ta sandare. Shi ya sa aka ajiye manhajar a kan na'urar gwaji da ke can ofis, ƙarƙashin teburin mutumin da ke riƙe da izinin shiga duk na'urorin kamfanin. Shi ne na sa wa Mai Makulli a wayata. In na gyara kod na adana, fayil ɗin yana isa can da kansa, amma manhajar ba ta sanin an taɓa ta. Sai an kashe ta an sake kunnawa kafin in ga abin da gyarana ya haifar. Ni kuwa ba ni da izinin kashewa balle kunnawa. Sai in ɗauki waya in rubuta masa:

"Tayar min."

Can sai ya amsa: "Ta tashi."

Da farko iyakar abin ke nan. Daga baya ya fara ƙara wutsiya.

"Ta tashi. Kin karya kuwa, ko yau ma da shayi za a wuni?"

"Ta tashi, amma da ƙyar. Me kika ba ta ta ci?"

"Ta tashi. Ya jikin Baba? Ya yarda ya yi motsa hannun?"

Ban taɓa ganin fuskarsa ba. Hoton da ya sa a wurin hira ma na wata mage ce ta kwanta a kan wayoyin lantarki. Muryarsa kawai na sani daga taron da muke yi ta waya duk mako, murya mai kauri, ba ya gaggawa, kuma in zai ce a'a sai ya fara yin gyaran murya. Amma ya san Baba ba ya shan magani sai an fasa masa shi biyu, ya san ranar da na ƙona tukunya ina bin wani kuskure a kod, ya san ina tsoron ƙadangare. An ce sabo turken wawa, to ni na ɗauru. Kada ku yi min dariya, akwai ranakun da in gidan ya yi min faɗi da yawa, nakan matsar da waƙafi guda daga nan zuwa can, in adana, don kawai in samu dalilin cewa "tayar min."

Likitan Ido kuwa allon kwamfuta ne ya kai ni wurinsa. Idona ya dinga ruwa, na je ya auna ni ya yanka min tabarau. Ashe ya san Yaya. Bai yi min kwana-kwana ba, ta wurin Yaya ya biyo da maganar aure. Duk Asabar yana zuwa cikin farar riga mai guga kamar ba a zauna da ita ba, ya durƙusa ya gaida Baba, ya ɗauko abin yankan farce daga aljihu ya gyara masa farcen hannun da ba ya motsi, yana yi yana ba shi labarin ƙwallo. Na nemi aibinsa har na gaji, ban samu ba. Abin da ya fi damuna ke nan. Da mugu ne da na san abin da zan faɗa wa Mama.

To, ga abin da ya faru tun bayan rabuwarmu da ku.

Wata Litinin da hantsi, ina goge wa Baba baki bayan ya sha shayi, saƙo ya shigo.

"In kin samu sarari yau zan kira ki. Akwai abin da nake so mu daidaita, ni da ke."

Ni da ke! Na karanta har na haddace. Bai taɓa kirana ni kaɗai ba. Na kunna wa Baba rediyo, na shige ɗaki na buɗe durowa. Na cire rigar barcin da nake wuni da ita, na sa doguwar rigata koriya mai ƙananan maɓallai a wuyan hannu, wadda na ajiye don fita ta musamman. Na ɗaura ɗankwali na kwance, na sake ɗaurawa. Har kwalli na zizara, na fesa turare a wuya. Kiran murya ne fa, jama'a, ba mai hoto ba. Ina sane. Baba ya bi ni da ido da na zo wucewa, gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan motsa.

Wayar ta yi ƙara. Na bari ta ɗan yi kuka kada ya ce a kanta nake zaune.

"Injiniya," ya ce. Haka yake kirana. "Ina fata ban katse ki ba."

"A'a, ina dai ɗan duba wani abu ne."

Ya yi gyaran murya. Na san abin da ke bin bayan wannan gyaran muryar.

"Na daɗe ina tunani, bai kamata a ce duk gyaran da kika yi sai kin zauna jirana ba. Wani lokaci ina taro, wani lokaci na fita. Ana ɓata miki lokaci. Akwai ƙaramar manhaja da za mu sa, aikinta gadi. Za ta zuba wa fayilolinki ido, da kin adana sai ta kashe babbar ta sake kunna ta. Ba ruwanki da kowa."

Na dubi hannun rigata mai maɓallai. Na ce, "Ai ba na gajiya da jiran."

"Na sani. Amma haka ya fi."

Me zan ce? In ce masa a'a, ni a bar ni cikin wahalata? Mai aikin kod da ta ƙi sauƙi, ai sai a tambaye ta dalili. Na jawo kujera na zauna.

Ya buɗe min wata 'yar ƙofa a na'urar gwajin, iya inda aikina yake. Ya karanto min umarnin da zan rubuta a baƙin allo don sauko da mai gadin, na rubuta, layuka suka zubo suka tsaya. Sai ya ce in buɗe sabon fayil in gaya wa mai gadin abu biyu: foldar da zai tsare, wato jakar da fayiloli ke ciki, da umarnin da ake tayar da manhajar da shi.

"Wace foldar zan ba shi?"

"Ba shi babbar gaba ɗaya, mu gani."

Na ba shi. Na kunna. Allon ya rubuta cewa manhaja ta tashi. Kafin in buɗe baki, ya sake rubuta an ga canji, ana sake tayarwa. Ta tashi. An ga canji. Ta tashi. An ga canji. Layuka suka dinga gudu sama kamar an kunce famfo, ni kuwa ban taɓa komai ba.

"Wayyo, na lalata!" na ce. "Wallahi hannuna ma ba ya kan kwamfutar!"

Sai na ji ya fashe da dariya, irin wadda ban taɓa jin ya yi a taro ba, har da tari. Ya ce yana jin fankar na'urar a ƙarƙashin teburinsa tana ihu kamar za ta tashi sama.

"Laifina ne," ya ce. "Duk sanda manhajar ta tashi tana rubuta rahoton tashinta a wata folda da ke cikin babbar. Mai gadi ya ga an yi rubutu, ya ɗauka ke ce, ya kashe ta ya kunna. Ta sake rubutawa. Kin ga kare da ke bin wutsiyarsa."

Ni ma na yi dariya har kwallin ya biyo hawaye. Na tsayar da shi, na ƙara layi na ce ya kau da kai daga foldar rahoto da ta hotuna, ya kula da fayilolin kod kaɗai. Ni na kawo shawarar a sa masa ɗan jinkiri, don wani lokaci fayil yana isa rabi-rabi in layin sadarwa ya yi nauyi, kada ya tayar da manhaja a kan guntun gyara.

"Kin ga abin da ban tuna ba," ya ce. "Sa masa."

Na sa. Na sake kunnawa. Allon ya rubuta ta tashi, ya yi tsit yana jira.

"To gwada. Canza wani abu."

Na je shafin farko, inda aka rubuta "Barka da zuwa," na ƙara alamar motsin rai, na adana. Ban kai ga ɗauke yatsa ba allon ya motsa. Na duba shafin, ga alamar nan tsaye.

"Ya yi," na ce. Muryata ta fito siririya.

"Madalla. Yanzu kin huta da ni."

"Ni na ce na gaji da kai?"

Ina jin ƙarar ofis a bayansa, wani yana jan kujera, wata tana dariya daga nesa. Na jira. Na rantse muku na ji ya ja numfashi kamar mai shirin faɗin wani abu.

"Ki gaida Baba," ya ce, ya kashe.

Na daɗe zaune da wayar a kunne. Sannan na tashi na cire koriyar rigar na mayar da ita inda take.

Aiki kam ya yi gudu. Abin da nake kwana biyu a kai, yanzu kafin azahar na gama. Manaja har yabona ya yi a taro, ya ce kowa ya yi koyi da tsarin da muka kafa. Mai Makulli ya ce, "Ita ta yi rabin aikin," daga nan bai ƙara magana ba har aka tashi. Ni kuwa sai in adana, allo ya motsa, in adana, allo ya motsa. Ba mai tambayata ko na karya. Rannan na yi kuskure a wani layi, manhajar ta faɗi. Zuciyata ta yi tsalle, na ce yau dai dole in neme shi. Kafin in kai hannu ga waya na ga abin da mai gadin ya rubuta: ta faɗi, ana jiran gyara. Na gyara, ta tashi da kanta. Ko a faɗuwa ma ba a bukatar kowa.

Na rubuta masa saƙo na goge ya fi a ƙirga. Wata rana dai na daure na aika.

"Ina wuni."

Sai bayan la'asar ya amsa. "Lafiya lau. Akwai matsala ne?"

"Babu."

"To madalla."

Na kifa wayar a kan katifa.

Abin da ya karya ni, Baba ne. Tun da ciwon ya same shi magana tana yi masa nauyi, kalma ɗaya sai ya yi kokawa da ita, don haka ba ya ɓarnar ta. Ina zaune a ƙasa kusa da ƙafarsa ina matsa masa yatsu, gidan ya yi tsit, sai na ji ya ce:

"Wayarki."

"Na'am, Baba?"

"Ta yi... shiru."

Ashe duk watannin nan yana jin ƙarar shigowar saƙon daga falo, yana jin 'yar dariyar da nake yi ni kaɗai a ɗaki. Na sunkuyar da kai na ce, "Aikin ne ya canza, Baba." Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kaina. Na bari sai da ya yi barci, na shiga banɗaki na kunna famfo don kada a ji ni.

Mama kuwa ba ta san wannan karatun ba. Ta dawo daga makaranta, ta jefar da jaka a kujera, tana cire takalmi tana magana.

"Ke, yaron nan ya sake yi wa Yayanki magana. Mutum ya yi ta sintiri kamar mai neman aiki? In ba kya so ki ce ba kya so."

"Ban ce ba na so ba, Mama."

"Ba ki kuma ce kina so ba. Ƙanwarki da kika goya tana da 'ya'ya biyu. Ni ba korar ki nake ba, wa zai kori mai riƙe masa gida? Amma ina duban ki, daga ɗaki sai falo, kin zama kamar kujerar gidan. Yaron nan ya ce ko bayan aure nan kusa zai kama gida, ki dinga wuni da Babanki. Wa zai miki haka? Ko akwai wani ne?"

Na buɗe baki. In ce mata wa? Mutumin da ban san fuskarsa ba, wanda bai taɓa ce min ko "kin yi kyau" ba, wanda da hannunsa ya toshe 'yar hanyar da muke gaisawa?

"Babu kowa," na ce.

"To Laraba Yayanki zai zo da shi, a zauna a yi magana ta hankali. Ki shirya amsarki."

Ranar Laraba na sa riga ruwan ƙasa marar ado, na yafa farin mayafi. Yaya ya zo da yamma, Likitan Ido na biye da shi da ledar 'ya'yan itace. Suka zauna a falo da Baba, Mama tana ta kai da kawo da kofuna. Ni ina ɗaki, na buɗe kwamfuta ina kallon baƙin allon don kawai in samu inda zan ajiye idona. Sai ga saƙon Manaja: kamfani ya saya min sabuwar kwamfuta mai ƙarfi, wadda za ta ɗauki manhajar ita kaɗai, ba sai na ƙara bi ta na'urar ofis ba. An ba wani ya kawo min, yana hanya.

Ban gama karantawa ba aka ƙwanƙwasa ƙofar gida. Aka yi sallama.

Hannuna ya saki wayar. Ko cikin kasuwa aka yi wannan sallamar zan ware muryar Mai Makulli.

Ban san sanda na ratsa falo ba. Na ji Mama tana cewa, "Ke, a hankali mana!" Na zare sakata. Yana tsaye rungume da kwali, dogo, siriri, ya girme ni da 'yan shekaru, furfura ta ɗan fara masa a gefen kunne. Rigarsa shuɗiya, an naɗe hannun zuwa gwiwa, aljihun ya yi tabon biro. Ba kyakkyawa ba ne irin na hoto. Amma ya dube ni, na dube shi, na kasa ɗauke ido.

"Injiniya," ya ce a hankali.

"Kai ne."

"Direba ba ya nan. Na ce bari in..." Ya yi gyaran murya. "Na saka miki komai a ciki. Kunnawa kawai za ki yi."

"Ba za ka shigo ka gaida Baba ba?"

Ya ɗaga ƙafa zai tsallako. Sai idonsa ya wuce kafaɗata, fuskarsa ta canza. Na waiwaya. Likitan Ido ne ya fito daga falo, kofi a hannu, bakinsa har kunne.

"Yaya Babba! Kai ne da kanka?"

Na dubi wannan, na dubi wancan. Sai a lokacin na ga goshinsu iri ɗaya ne.

"Ai wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya," Likitan ya ce min yana dariya. "Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya ɗauki nauyin karatuna. Ranar da na faɗa masa sunanki da inda kike aiki, cewa ya yi aiki kawai ke haɗa ku, kuma kada in gaya miki tukuna, kada ki takura a wurin aiki. Kin ga yau asiri ya tonu."

"Yaushe ka faɗa masa?" Ban san na tambaya ba sai da na ji muryata.

"Bai fi 'yan makonni ba. Wata Lahadi ce, ko, Yaya Babba?"

Mai Makulli ya sunkuyar da kai. Idonsa na kan kwalin, ya riƙe shi har jijiyoyin hannunsa sun fito.

Yaya ya leƙo, aka yi masa bayani, nan take ya washe baki ya kama hannun baƙon da hannu biyu. "Ikon Allah! Ashe abin duk na gida ne. Bismillah, shigo, shigo. Da ma kai ƙaninka ya ce zai turo mana in magana ta nuna."

Aka shigar da shi falo. Ya ajiye kwalin a gefen ƙofa, ya durƙusa gaban Baba ya gaishe shi, ya kai hannu ya gyara masa matashin da ya zame ta ɓangaren da ba ya motsi, ba tare da kowa ya faɗa masa wane ɓangare ba ne. Baba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juyo da idonsa kaina, inda nake tsaye a bakin ƙofa na dunƙule gefen mayafi a hannu.

Mama ta kawo wani kofin. Yaya ya gyara zama, ya tafa hannu sau ɗaya.

"To, ƙanwata, ga mai nema, ga kuma babban wansa Allah ya kawo da ƙafarsa. Ba sai an sake sa wata rana ba. Muna jin ki."

Kowa ya zuba min ido, ban da mutum ɗaya.